Tsakanin cosmology da cosmetology: amsa ga 'yar Gombe da aka yi wa dariya

Assalamu alaikum Malam. Ni budurwa ce 'yar shekara 19, ina zaune a Pantami cikin garin Gombe. Na gama sakandare bara, ina yin lalle da kwalliyar amare a gida. Kwanakin baya aka buɗe wani shirin koyar da sana'a, na rubuta takardar neman shiga da Turanci, na ce ina so in koyi cosmology. Ranar tantancewa mutumin da ke duba takardu ya karanta tawa da ƙarfi, ya tambaye ni ko duniyar wata nake son zuwa, duk 'yan ɗakin suka kwashe da dariya. Sai da na fito wata ta gaya mini cosmetology ya kamata in rubuta. Ba a ɗauke ni ba. Tun ranar nake tsoron buɗe baki da Turanci. Yayana ya ce zai biya mini JAMB, ina haddace kalma 20 kullum daga ƙamus, amma kafin kwana uku duk sun zube. Malam, me ya haɗa kalmomin nan biyu har suka yi kama haka? Yaya zan yi in riƙa riƙe kalmomi? Ko dai kaina ne ba ya ja?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah Ya sanyaya miki zuciya.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ta fi damuna. Kanki yana ja. Wanda ya karanta takardarki a bainar jama'a bai kyauta ba, kuskuren na ƙasa a keɓe ake gyara shi. Kuma kuskuren da kika yi ba na rashin kai ba ne. Kalmomin nan biyu uwa ɗaya uba ɗaya suke, haruffa biyu kacal suka raba su. Kunnenki ya ji zumuncin daidai, abin da ba a nuna miki ba shi ne inda suka raba hanya. Shi zan nuna miki, kuma daga nan za ki ga abin da zai raba ki da haddar kalma 20 a rana.

Tushen duka biyun kalma ce ta Girkanci, kosmos. Ma'anarta ta farko ba duniya ba ce, tsari ne, wato kowane abu ya zauna a mazauninsa. Aikataunta kosmein, Girkawan da sukan faɗe ta idan sarkin yaƙi ya jera mayaƙa sahu-sahu, sukan kuma faɗe ta idan mace ta yi ado. Ke da kike hidimar amare ai kin fi kowa sanin jere. Ranar jere mata sukan shiga ɗakin amarya su ɗora kwanoni da tangaran, babba a ƙasa ƙarami a sama, kowane launi kusa da ɗan'uwansa. To idan an gama, me aka yi, tsari ko ado? Duka biyun ne, tsarin shi ne adon. Haka muke cewa an gyara ɗaki, an kuma gyara amarya. A shirya kaya, mace ma ta shirya. Abin da Bagirke yake nufi da kosmos ke nan.

Daga nan kalmar ta yi rassa biyu. Masanan Girka suka dubi sama, rana na fitowa kan lokaci, wata na tsayawa ya cika ya ragu, taurari na tafiya ba sa karo da juna, sai suka ce ai wannan jere ne, suka kira halitta baki ɗayanta kosmos. Ana danganta fara wannan amfani ga Fitagoras, mai ƙa'idar alwatikar nan da kuka yi a lissafi, wanda ya rayu kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wannan shi ne reshen sama. Ɗaya reshen ya tsaya a kan ado: kosmetikos na nufin gwani wajen ƙawatawa, ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 17 ta zama cosmetic. Harafin k ya koma c ne saboda kalmomin Girkanci da yawa ta hannun Latin suka bi, ita kuwa Latin da c take rubuta wannan sautin. Jamusawa da Rashawa har gobe da k suke rubutawa. Haɗa ado da sama kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, aya ta 6 a Suratus Saffat ta ambaci ƙawata saman duniya da adon taurari. Ki riƙe wannan, zai tuna miki cewa rassan biyu gindinsu ɗaya.

Ga ƙa'idar da za ta fisshe ki. Duk inda kika ga cosm, dubi harafin da ya biyo baya. Idan e ne, maganar ado ake yi. Idan o ne, ko i, ko kuma kalmar ta ƙare a nan, maganar duniya da sammai ake yi. Cosmetology haruffa 11 ne, cosmology 9, bambancin shi ne e da t ɗin tsakiya. In kin yi shakka, ki fara rubuta haruffa shida na farkon cosmetic, wato cosmet, sannan ki ƙara ology. Wani abin lura, waya ko kwamfuta ba za su ja miki jan layi a ƙarƙashin cosmology ba, domin ita ma kalma ce sahihiya. Na'ura kuskuren rubutu take kamawa, ba ta san abin da ke ranki ba. Shi ya sa irin wannan kuskure yake tsallake masu digiri ma.

Mu fara da reshenki. Cosmetics, da s a ƙarshe, suna ne, kayan kwalliya: hoda, janbaki, gazal, man shafawa. Cosmetic ba s yawanci sifa ce, kamar a cosmetic surgery, tiyatar gyaran kama ba ta magance ciwo ba. Cosmetology kuwa ilimi ne da aikin gyaran fata da gashi da farce, yana ma cikin darussan sana'a na babbar sakandare da WAEC ke yin jarrabawarsu. Ɗafa-ƙeyar logy daga logos take, magana ko nazari, ita ce a biology da geology. Wadda ta yi karatun sana'ar ita ce cosmetologist, cosmetician kuma mai sayar da kayan kwalliya ko mai yi wa mutane kwalliya.

Akwai ma'ana ta biyu ta cosmetic da masu shirya jarrabawa ke so ƙwarai, kuma Hausa tana da kalmarta cif: kwaskwarima. Idan aka shafa wa gini fenti alhali bango a tsage yake, ko aka sauya wa ma'aikata suna aka bar matsalarta yadda take, Bature zai ce the changes are merely cosmetic. In aka tambaye ki kalma mafi kusa da ita a irin wannan jimla, amsar superficial ce, na sama-sama. In kishiyarta ake nema, fundamental ko thorough za ki duba. Ɗalibin da ya haddace cewa cosmetic hoda ce kawai, beautiful zai zaɓa, ya faɗi.

Reshen sama ya fi yawan 'ya'ya. The cosmos shi ne duniya da sammai da duk abin da ke cikinsu, idan ana kallon su a matsayin abu mai tsari. Kishiyarsa chaos, hargitsi, ita ma Girkanci ce, kuma ana furta ta keyos, ba cawos ba. Cosmic sifa ce, abin da ya shafi sararin samaniya ko mai girman da ya wuce misali. Kada ki yar da s ɗinta, domin comic abin ban dariya ne, kuma ba danginsu ɗaya ba. A darasin fizis za ki ci karo da cosmic rays, wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi da ke faɗowa duniya daga sararin samaniya. Wani masani ɗan Ostiriya, Victor Hess, shi ya gano su a 1912, bayan ya hau balan-balan ya yi sama da mita 5,000 a iska, ya ga abin awonsa yana ƙara nuna ƙarfinsu yayin da yake ƙara nisa da ƙasa. Wannan ya tabbatar masa daga sama suke zuwa, ba daga ƙasa ba, kuma ya sami lambar Nobel a 1936 saboda aikin.

Sai 'yan ukun da ke rikita mutane: cosmology, cosmogony, cosmography. Gabansu ɗaya, a ƙeya suka bambanta, don haka ƙeyar za ki duba. Cosmology nazarin sammai baki ɗaya ne, tsarinsu da girmansu da yadda suke sauyawa. Masu wannan fannin ne suke ƙiyasta shekarun sararin samaniya a kan kimanin biliyan 13.8, su ne kuma ke nazarin yadda yake ƙara faɗaɗa, abin da awon masanin taurari Edwin Hubble ya nuna a 1929. Wannan fannin kika ce kina so ki koya ba da saninki ba, kuma ba abin kunya ba ne, fanni ne mai daraja da ake shiga ta ƙofar fizis da lissafi. Cosmogony ƙeyarta daga kalmar haihuwa take, saboda haka bayani ne a kan yadda duniya ta fara, ko na kimiyya ko na gargajiyar wata al'umma. Cosmography kuma daga graphein, rubutawa ko zanawa, wato siffanta sama da ƙasa da zana taswirarsu. Tsohuwar kalma ce, ba kasafai za ki gamu da ita ba.

Mutumin da ya tambaye ki zuwa duniyar wata, shi ma bai dace da kalmar ba, domin mai cosmology a ƙasa yake zaune da na'urar hangen nesa da lissafi. Mai tafiyar shi ne cosmonaut, ɗan sama jannati. Naut daga nautes take, matuƙin jirgin ruwa, to ga matuƙin da sararin samaniya ne koginsa. Rashawa ne ke kiran nasu haka, Amurkawa kuma astronaut, daga astron, tauraro. Aiki ɗaya, suna biyu. Na farko a duniya shi ne Yuri Gagarin, wanda ya kewaya duniya sau ɗaya ranar 12 ga Afrilu 1961 a kumbon Vostok 1, tafiyar minti 108. Mace ta farko kuwa Valentina Tereshkova ce, a watan Yuni 1963, kuma kafin nan ma'aikaciyar masaƙa ce. Filin da ake harba kumbo a Rasha sunansa cosmodrome, ƙeyar daga dromos, filin tsere, irin wadda ke aerodrome. Mafi shahara shi ne na Baikonur a Kazakistan, inda Gagarin ya tashi. Mu ma kalmar ta shafe mu: tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya, NigeriaSat-1, daga filin Plesetsk na Rasha aka harba shi a watan Satumba 2003, kuma sunan rokar da ta ɗauke shi Kosmos-3M.

Wadda za ki fi haɗuwa da ita a jarida da jarrabawa ita ce cosmopolitan, don haka mu ɗan zauna a kanta. Rabinta na biyu daga polites yake, ɗan gari, shi kuma daga polis, birni, inda police da politics da policy suka fito. Ana ba da labarin wani masanin falsafa, Diyojinis, mutumin Sinop da ke Turkiyya a yau, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin Annabi Isa (AS), cewa an tambaye shi shi ɗan ina ne, ya ce shi kosmopolites ne, ɗan garin duniya. Ki yi hattara wajen fassara, kada ki ce ɗan duniya, kin san abin da wannan ke nufi a Hausa. A yau kalmar tana da fuska biyu. Idan gari ake siffantawa, gari ne da ya tara mutanen ƙasashe da al'adu iri-iri, kamar Legas, ko Makka lokacin aikin hajji. Idan mutum ne, wanda ya zaga duniya ya goge, duk inda ya sauka ba ya jin baƙunta. Kishiyarta parochial ko provincial ko insular, mai tunanin da bai wuce bakin ƙauyensu ba. Kada ki haɗa ta da metropolitan. Metro a nan daga kalmar uwa take, metropolis uwar birane ce, babban gari. In kin ji ana cewa Gombe metropolis a labarai, girman gari da kasancewarsa cibiya ake nufi. Metropolitan girma take aunawa, cosmopolitan kuwa cakuɗuwar jama'a.

Wani lokaci tushen yakan koma ƙarshen kalma. Microcosm daga mikros take, ƙarami, wato ƙaramar duniya, ƙaramin abu da ya tattara siffofin babba. Ki shiga babbar kasuwar Gombe ranar da ta cika: Bafulatani da shanu da nono, Bahaushe da hatsi, Batangale da Batere da Babole da mutumin Waja, ga Ibo a shagon kayan mota, ga Bayarabe. Za ki iya rubuta the market is a microcosm of Nigeria, kuma of ita ce ke bin kalmar kusan kullum. Macrocosm ita ce babbar duniyar da ake kwatantawa da ita. Tun da can masana sukan kira ɗan'adam ƙaramar duniya, malaman Musulunci ma suna da wannan magana, al'alamus sagir, wadda ƙungiyar masanan nan Ikhwanus Safa na Basra suka yi rubutu a kanta a ƙarni na 10. Dangin sun kai har ga sunan mutane, Cosmas da wasu Kiristoci ke raɗa wa 'ya'yansu, da wani fure ɗan asalin Meziko mai suna cosmos.

Yanzu ga inda wannan hanya ke kayar da mutum in bai yi hankali ba. Ba duk kalmar da ta fara da cos ce 'yar gidan ba. Cosine ta lissafi co ce aka ɗafa wa sine. Cost daga Latin take, costume ta Italiyanci ta biyo, cosy ba ruwanta da Girka. Sai haruffa huɗun nan sun cika, c, o, s, m, a jere. Na biyu, Turanci yana da wasu tushen na duniya da ba kosmos ba. Geo ƙasar da muke takawa ce, ita ce a geography da geology da geometry. Universe Latin ce, ma'anarta abin da aka mayar ɗaya, daga gidansu universal da university suka fito. Mundus ma Latin ce, duniya, kuma abin sha'awa ita ma tana nufin kayan adon mata, kamar dai kosmos. Amma 'yarta mundane a yau tana nufin abin yau da kullum marar armashi. Kin ga ke nan tushe hanya yake nuna miki, ba ya kai ki har ƙofar gida. Ki yi hasashe da tushe, sannan ki tabbatar da ƙamus. Wasu tagwayen da ke kunyata mutane irin naki su ne astronomy, ilimin falaki na kimiyya, da astrology, duban taurari irin na 'yan duba.

Batun buɗe baki, abu biyu ne. Na farko, s ɗin da ke gaban m a duk dangin nan z ake furta ta: kozmos, kozmik, kozmetik, kozmoloji. Na biyu, gaɓar da ake dannawa, wadda jarrabawar furuci ta WAEC da ta JAMB ke tambaya, kuma ƙeyar kalma ce ke gaya miki. In kalma ta ƙare da ic ko ical, gaɓar da ke gabanta ake dannawa: COS-mic, cos-ME-tic, cos-mo-LO-gi-cal. In ta ƙare da logy ko graphy ko gony, nan ma gaɓar da ke gabansu ce: cos-MO-lo-gy, cos-me-TO-lo-gy, cos-MO-gra-phy, cos-MO-go-ny. Cian ma haka, cos-me-TI-cian. Sauran ki riƙe su ɗai-ɗai: COS-mo-naut, MI-cro-cosm, cos-mo-PO-li-tan. Bahaushe ya saba ba kowace gaɓa haƙƙinta, shi ya sa muke furta kalmomin nan a shimfiɗe. Ki riƙa buga hannu a cinya a kan gaɓar da aka rubuta da manyan baƙaƙe, sau biyar kowace kalma, da murya ba a zuci ba. A ƙamus kuma za ki ga ɗan gajeren layi a sama, dab kafin gaɓar da ake dannawa.

To me ya sa haddarki ke zubewa? Ƙamus bisa jerin haruffa aka tsara shi, ba bisa ma'ana ba. A shafi ɗaya za ki tarar da cosine da cosmetic da cost da cosy, sun yi kama a ido, ba abin da ya haɗa su a ma'ana. Kamar ki zuba zobba ashirin ne a tafin hannu ba zaren da ya haɗa su. Ga shi kuma maimaita karatu da ido yana sa ki ji kamar kin sani, alhali sabo ne kawai da ganin kalmar, ranar jarrabawa sai ki neme ta ki rasa.

Hanyar dangi kuwa kin riga kin iya ta a Hausa. Ba wanda ya sa ki haddace karatu da makaranta da makaranci daban-daban, karanta ɗaya kika sani sauran suka biyo. Haka hukunci da hukuma da hakimi da hikima, duk daga tushen Larabci ɗaya suke. Ilimi da malami da alama ma gida ɗaya ne, har da alam, duniya, wadda muke faɗin jam'inta a Rabbil alamina. Malamai sukan ce an kira duniya haka ne domin alama ce ta Mahaliccinta. Turancin makaranta ma haka yake, sai dai tushensa Girkanci da Latin ne.

Ga yadda za ki yi. Ki sayi littafin rubutu mai warƙa 60, ki ware shi don wannan kaɗai. Kowane tushe ki ba shi shafi biyu masu kallon juna. A saman na hagu ki rubuta tushen da ma'anarsa da Hausa, a ƙasa kalmomi 6 zuwa 8 na danginsa, kowacce ki yanka ta gunduwa-gunduwa kamar cosm, o, logy, ki rubuta gaɓar dannawa da manyan baƙaƙe. A shafin dama, daidai da kowace kalma, ma'ana da Hausa da jimla ɗaya ta Turanci wadda ke kika ƙirƙira, a kan abin da kika sani: kasuwa, Tashar Dukku, gidan biki. Jimlar ƙamus ta mai ƙamus ce, ba za ta zauna miki ba. Tushe biyu a mako sun isa. A mako 12 kin yi tushe 24, kalmomi tsakanin 144 da 192, kuma kowane tushe zai buɗe miki wasu kalmomin da ba ki taɓa gani ba. Minti 20 da safe bayan asuba don sabon shafi, minti 10 da dare don bita. Bitar kuma ba karantawa ba ce: ki rufe shafin dama da hannu, ki faɗi ma'anar daga ka, sannan ki buɗe ki duba. Kowane shafi ki waiwaye shi washegari, sai bayan kwana 3, bayan kwana 7, bayan kwana 21, ki rubuta ranakun a gefen shafin don kada ki manta. Kalmar da ta kayar da ke sau biyu ki sa mata alama, ki sake mata sabuwar jimla. Abin da ya fi ɓata wannan tsari shi ne zumuɗi, a yi tushe biyar a makon farko a bar bita. In lokaci ya ƙure miki, ki bar sabon shafi ki yi bita.

Kosmos shi ne shafinki na farko, ga shi na ba ki fiye da kalma takwas, ki zaɓi waɗanda za su fi yi miki amfani. Daga nan ki bi sauran tushen da kika riga kika gani: logy, graph, polis, naut, micro, astro, geo. Sannan ki shiga kalmomin sana'arki, waɗanda za su fi saurin zama domin kullum kina taɓa abin da suke nufi. Derma fata ce a Girkanci, daga ita dermatology da epidermis da dermatitis, kumburin fata. Manus hannu ne a Latin, ped ƙafa, cura kulawa, ga manicure da pedicure sun fito, ga manual da pedal da pedestrian sun biyo su. Turanci shi kaɗai tambaya 60 ne cikin 180 na JAMB, sauran darussa uku 40 kowanne, kuma wani kaso mai kauri na sittin ɗin nan kalmomi ne da kishiyoyinsu da furucinsu. Ki haɗa wannan littafi da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, duk kalmar da ta kayar da ke ki nemi tushenta a ƙamus mai nuna asalin kalmomi ki ba ta gida.

Shirin koyar da sana'ar kuma, kada ki bari dariyar rana ɗaya ta hana ki komawa. In aka sake buɗe shi ko wani irinsa, ki nema. A takardar ki rubuta: I wish to be trained in cosmetology, especially bridal make-up and henna design. In aka tambaye ki mece ce cosmetology, jimla ɗaya ta isa: it is the study and practice of beauty treatment for the skin, hair and nails. Ki maimaita su a gaban yayanki har bakinki ya saba, ki ba shi takardar ya karanta miki da ƙarfi kafin ki miƙa, ke kuma ki ƙirga haruffan kalmar da yatsa su cika 11. Ranar tantancewa ki tafi da hotuna kamar goma na lalle da kwalliyar da kika yi da hannunki, bayan kin nemi izinin masu su, hotunan hannu da ƙafa sun wadatar ga wadda ba ta son a nuna fuskarta. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa albarka a sana'ar da karatun.